Ƙasar da Hamdiyya Ta Zaɓa

Hamdiyya na durƙushe a bakin tabarmar mahaifinta, kanta a sunkuye. Malam Labo ba ya kiran 'ya'yansa zaure da sassafe sai in maganar mai nauyi ce.

"Na ji an ce kafin Juma'a ake son kowane ɗalibi ya faɗi ƙasar da zai tafi," in ji shi, bai dube ta ba.

"Haka ne, Baba. Masu karatun likita ƙasa biyu aka ba su, Maroko ko Aljeriya."

"To ki bar musu bursunsu, ba ma son tallafin karatun nasu. Kotonu za ki. Akwai jami'a a can, akwai Gwaggonki Saratu. In wani abu ya taso, kogi kawai zan tsallaka in ɗauko ki."

"Baba..."

"Ban gama ba. Ɗanta Yasir yana nan tafe yau. Ya yi mini maganarki, ban ba shi amsa ba, domin ba zan yi miki dole ba. Amma ki sani, zama kusa da shi ya fi mini kwanciyar hankali. Shi kuma yaron gidan Hawa, na faɗa miki tun bara, ba na son in ƙara jin sunansa."

Ta tashi ta fita. A tsakar gida ta iske yayanta Hama zaune a gindin mangwaro, inda yake wuni kullum, ya zuba wa bango ido.

Duk Gaya an san abin da ya raba gidan Malam Labo mai kamiyoyi, manyan motocin dakon kaya, da gidan Inna Hawa mai bandar kifi. Hama da Abdulmumini, babban ɗan Inna Hawa, tare suka tashi, tare suka ci bak, jarrabawar gama sakandare, tare suka tafi karatu Sudan. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum, tare suka gudu. A hanya zazzaɓi ya kama Abdulmumini, ba magani, ba asibiti, a can aka binne shi. Hama ya dawo shi kaɗai, ya daina dariya, ya daina fita, ko tayar mota ce ta fashe a titi sai ya kwanta ƙasa ya rufe kansa.

Ranar zaman makoki Inna Hawa ta faɗa a gaban mata cewa ɗan Labo ne ya ja mata ɗa zuwa inda ya mutu. Maganar ta kai kunnen Malam Labo. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta ƙara haɗa gidajen biyu ba.

Sai ga shi Allah ya jarabci Hamdiyya da son Sha'ibu, ƙanen marigayin, ɗan da ya rage wa Inna Hawa a duniya. Aji ɗaya suka yi a lise, babbar sakandare, bana suka ci bak tare, kuma shi ma sakamakonsa ya kai a ba shi bursu.

Da la'asar ta ce wa mahaifiyarta za ta sayo kifi, ta nufi bakin kogi.

Damina ta cika kogin, ruwan ya yi ja, yana gudu kamar ana korarsa. Tun da aka toshe gadar kan iyaka da ke tsakanin Gaya da Malanbil, jiragen ruwa ne ke ɗibar mutane da kaya, kuma Sha'ibu yana taya kawunsa tuƙa ɗaya a lokacin hutu. Da ya hango ta ya diro, ya jawo ta bayan tulin buhunan albasa inda idon mutane ba ya kaiwa sosai.

"Kin yi kuka," ya ce.

"Baba ya ce Kotonu."

"Gidan su Yasir ke nan."

Ta gyaɗa kai. Sha'ibu ya goge ruwan fuskarsa da gefen rigarsa, muryarsa ta yi ƙasa.

"Hamdiyya, saurare ni. Ki zaɓi Maroko. Ni ma ita zan zaɓa. Tun muna aji ɗaya kike faɗin sunan makarantar likitancin nan, kin yi ta karatu har idanunki suka fara ciwo. A can ba mai hana mu gaisawa. Mu gama, mu dawo da abin da ba wanda zai raina, sannan in aiko a nema mini aurenki."

"Inna fa? Ta yarda?"

Ya kau da kai wajen ruwa.

"Sha'ibu, ina tambayarka. Inna ta san za ka fita?"

"Ta ɗauka Yamai zan yi karatu. Kawu ya taimaka mini na yi fasfo, yana wurinsa a ɓoye. Zan faɗa mata in lokaci ya yi."

Hamdiyya ta ja da baya.

"Innalillahi. Ka san abin da kake faɗa kuwa? Matar nan ɗa ɗaya ya rage mata. Na farko ya bi yayana, bai dawo ba. Kai kuma ka bi ni? In ko ciwon kai ya same ka a can, me zan ce mata? Da wane ido zan dubi Gaya?"

"Ba yaƙi a Maroko."

"Ni dai tsoro nake ji!" Hawaye suka zubo mata. "Wallahi tsoro nake ji. In na rufe ido ina ganin ana sallama a ƙofar gidanku, ana neman Inna, kamar wancan karon. In na tafi Kotonu na rasa ka, na rasa karatun da nake so. In na tafi Maroko ka biyo ni, na zama ta biyu da ta ɗauke mata ɗa. Ka faɗa mini inda zan sa kaina."

"Ni ba kaya ba ne da za a ɗauke ni," ya ce, idonsa ya yi ja. "Ni ma ina da buri. Don Yaya ya rasu sai in ƙare rayuwata a kan jirgin nan ina ɗibar albasa? Ina son Inna, Allah ya sani. Amma in kika tafi gidan mutumin nan, Hamdiyya, ban san abin da zan zama ba."

"Lalle kam, ba ka sani ba."

Muryar ta fito ne daga bayan buhunan. Suka juya a firgice.

Yasir ne, ɗan Gwaggo Saratu, mai aikin fitar da kaya a tashar jiragen ruwa ta Kotonu. Yanzu ya sauko daga wani jirgin, shaddarsa fara ƙal ko ɗigon laka babu, ƙamshin turarensa ya danne warin kifi. Murmushi yake yi, amma ba na alheri ba.

"Ƙanwata, kifin ne kika zo saya a bayan albasa? Wuce mu tafi gida." Ya dubi Sha'ibu sama da ƙasa. "Kai kuma, sannu da aiki. A gaida Inna."

Duk tsawon hanya bai ɗaga murya ba. Ya yi ta ba ta labarin ɗakin da aka gyara mata a Kotonu, da motar da za ta riƙa kai ta jami'a, da teku da ba ta taɓa gani ba. Sai da suka kusa ƙofar gida ya tsaya.

"Ba zan faɗa wa Kawu Labo inda na gan ki ba, kada ki damu. Amma baiwar Allah nan mai bandar kifi, tausayinta nake ji. Ɗanta na ɓoye fasfo, ita ba ta sani ba. Ai bai kamata Musulmi ya ji irin wannan ya yi shiru ba."

"Yaya Yasir, don Allah..."

"Ki yi tunani dai. In kika zaɓi Kotonu, shi ma sai ya haƙura ya zauna. Kowa ya huta."

Washegari mahaifiyarta ta aike ta kasuwa. Tana cikin taya tumatir ta ji an damƙe mata wuyan hannu, damƙa mai ƙarfi, hannu mai kaushi da warin hayaƙi. Ta ɗaga kai. Inna Hawa ce.

Tun ranar makoki matar nan ba ta ƙara yi mata magana ba.

"Biyo ni."

Ta ja ta har bayan rumfunan banda, inda hayaƙi ke tashi daga gangunan kifi. Hamdiyya ta durƙusa ta gaishe ta, tana jiran zagi, ko mari. Inna Hawa ba ta amsa gaisuwar ba. Da ta buɗe baki, da Hausarta ta kasuwa ta yi magana, mai karyewa wajen yarensu na Dendanci.

"Wani mai farar riga ya zo mini jiya. Gaskiya ya faɗa?"

Hamdiyya ta kasa ƙarya. "Gaskiya ne, Inna."

"Wace ƙasa?"

"Maroko."

"Ina take? Ta wuce Makka?"

"A'a, Inna. Arewa take, bayan hamada."

"Mota na zuwa?"

"Sai jirgin sama."

Inna Hawa ta saki hannunta. Sai kawai Hamdiyya ta ga abin da ba ta taɓa zato ba: dattijuwar ta sulale ta zauna a ƙasa, cikin toka, ta kama gefen hijabinta da hannu biyu.

"Inna! Don Allah ki tashi, mutane na gani!"

"Su gani. Ni ba faɗa na zo yi ba, 'yar nan, roƙo na zo. Abdulmumini ban ga gawarsa ba. Ban san inda kabarinsa yake ba. In ana ruwan sama ina tunanin ko can ma ana yi, ko ƙasar ta zaizaye. Ban iya karatu ba, ban san ƙasashen nan da kuke faɗa ba, sunansu kawai nake ji suna cinye mini 'ya'ya. Sha'ibu ba ya jin maganata yanzu, taki yake ji. Duk inda kika sa ƙafa nan zai sa. Ki tafi Kotonun da ubanki ke so. Ki auri mai farar rigar. Zai yi kuka, zai rame, amma zan riƙa ganinsa da idona."

Hamdiyya ta durƙushe a gabanta, su biyu suna kuka, hayaƙi na shiga musu ido.

"Inna, ban taɓa nufinki da sharri ba."

"Na sani. Shi ma ɗan'uwanki bai nufa ba. Bakina ne ya faɗa, ranar ba ni cikin hankalina. Amma ki yi mini alkawari."

Hamdiyya ta buɗe baki, kalmar Kotonu ta ƙi fita.

"Na yi miki alkawari ɗaya, Inna. Sha'ibu ba zai bar ƙasar nan saboda ni ba, sai da yardarki."

Ta koma gida ba tumatir, ba ta ma san inda ta yar da kwandon ba. Kwana biyu ba ta iya cin abinci ba. Yasir yana zaure tare da Malam Labo, dariyarsa na shigowa har ɗaki. Wayarta na ta haske da sunan Sha'ibu, ba ta ɗauka ba.

Ranar Alhamis da hantsi ta ɗauki hijabinta za ta tafi sibar, shagon intanet da ke kusa da tasha, inda ɗalibai ke aika zaɓinsu. Ta riga ta yanke: za ta rubuta cewa ta janye. Tana wucewa ta gindin mangwaro ta ji an ce, "Jira ni."

Ta tsaya cak. Hama ne ya miƙe, yana neman takalmansa. Rabonsa da fita ƙofar gida har ta manta.

Suka bi gefen titi, yana tafe yana manne da bango. Kamiyoyi na jere an kashe su, direbobi na shan shayi a ƙarƙashinsu. Wani ɗan kabu-kabu ya wuce, salansar babur ɗinsa ta yi ƙara kamar bindiga. Hama ya durƙushe nan take ya rufe kansa, jikinsa na karkarwa. Hamdiyya ta tsuguna ta riƙe shi.

"Yaya, mu koma gida."

"A'a." Ya ɗago, gumi na zuba a goshinsa. "Me za ki rubuta musu?"

"Na janye."

"Don me?"

Ta dube shi. Shi ne amsar, ga shi durƙushe a gefen titi.

"Don ni ke nan," ya ce a hankali. "Hamdiyya, ranar da muka sauka Khartum, gari ne lafiyayye. Yara na ƙwallo, mata na sayar da shayi a bakin kogi kamar nan. Ba wanda ya yi kuskuren zaɓe. Abin ya zo ne kawai. Gadar nan tamu, wa ya taɓa cewa za a wayi gari a rufe ta? Kotonun ma da Baba ke gani kusa, ba a hannunsa take ba." Ya numfasa. "Da akwai likita ɗaya a motar da muka gudu a ciki, da wataƙila Abdulmumini na nan. Ina tuna wannan kullum. Ki je ki yi karatunki. Ni tsorona ya ishi gidanmu, kada ki ƙara naki a kai."

A sibar ta zauna gaban na'ura. Sau biyu tana kuskuren rubuta sunanta. Da aka zo wurin ƙasa ta rufe ido, ta yi bisimilla, ta zaɓi Maroko, ta aika. Ba ta ji daɗi ba, ba ta ji sauƙi ba. Ji ta yi kamar ta taka jirgin ruwa ya rabu da gaɓa.

A bakin ƙofar shagon ta kira Sha'ibu. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Hamdiyya! Ina kika shiga? Inna ta ƙwace fasfon a wurin kawuna, ta..."

"Na zaɓi Maroko."

Ta ji ya saki numfashi, har da 'yar dariya. "Alhamdu lillahi! Yanzu zan zo in aika nawa. Fasfo kuwa ko sabo ne sai in..."

"Ba za ka zo ba."

"Me kika ce?"

"Ka zaɓi Yamai, Sha'ibu. In ka biyo ni ba da yardar Inna ba, wallahi ko a hanya muka haɗu ba zan amsa sallamarka ba, kuma ba zan aure ka ba har abada. Na rantse."

"Kin san shekara nawa ake karatun likita? Kin san abin da kike yanke mana?"

"Na sani." Kuka ya ci ƙarfinta, ta jingina da bango. "Ba zan auri Yasir ba, ba zan auri kowa ba. In ka iya jira, za ka same ni. In ba ka iya ba, ba zan riƙe ka a zuciya ba. Amma ba zan hau jirgi da hawayen matar nan a bayana ba."

"Hamdiyya, kada ki yi mini haka. Don girman Allah, ki saurare ni..."

Ta kashe wayar, don ta san in ta ƙara jin muryarsa za ta karya rantsuwar tun ba a je ko'ina ba.

Sun iske Malam Labo da Yasir a zaure. Ganin Hama ya shigo daga waje, da ƙura a gwiwoyinsa, ya sa dattijon ya ajiye kofin shayinsa. Hamdiyya ta durƙusa nesa da tabarma.

"Kin janye?" in ji mahaifinta.

"Baba, ka gafarce ni. Maroko na zaɓa."

Yasir ne ya fara magana, yana gyara hularsa.

"Kawu, ban so in faɗa ba, amma ba ita kaɗai za ta ba. Ka tambaye ta wanda suka shirya tafiyar tare. Da idona na gan su a bakin kogi."

Malam Labo ya juyo. "Ɗago ki dube ni. Ɗan Hawa ne?"

"Shi ne, Baba. Ya so ya bi ni, na hana shi. Na yi wa mahaifiyarsa alkawari, na kuma rantse masa. Ni kaɗai zan tafi." Ta dafa ƙirjinta. "Ni kaɗai."

Ta runtse ido tana jiran tsawa. Ba ta zo ba.

"Yasir," in ji Malam Labo, "tashi ka ba mu wuri."

"Kawu, ai ni..."

"Na ce ka ba mu wuri."

Sai da ƙarar takalmansa ta ɓace sannan dattijon ya dubi Hama, ya daɗe yana dubansa, ya dawo da idonsa kan 'yarsa. Tunda Hamdiyya take ba ta taɓa ganin tsoro a fuskar mahaifinta ba sai yau.

"Matso nan," ya ce.

Ta matso har gefen tabarmar. Ya yi ƙasa da murya, kamar mai gudun kada bango ya ji.

"Can ɗin da kika zaɓa... ba a harbi?"

"Ba a yi, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali, hawaye na gangarowa cikin furfurar gemunsa.

"Haka suka ce mini wancan karon."